Kurjewar Cinya ga Masu Gudu da Tattaki: Sanadinta da Hanyoyin Kare Kai

Daga cikin ƙananan lalurorin da suke raba mutane da motsa jiki, da wuya a sami wadda ake yawan fama da ita kuma ake ƙarancin ambatonta kamar kurjewar cinya, wato saɓar fatar da ke tsakanin cinyoyi sakamakon gogar juna da suke yi, ko gogar da tufafi suke yi musu, a yayin tafiya mai nisa ko sassarfa ko gudu. Wurin da abin yake faruwa, wato matsematsi da abin da ya yi ƙasa da shi, wuri ne da kunya ta kewaye, saboda haka wanda ya gamu da matsalar ba kasafai yake tambayar likita ko abokin atisayensa ba, sai dai ya haƙura da raɗaɗin na kwana biyu ko uku, daga nan kuma ya jingine fitar gaba ɗaya. Wannan asara ce ta gaske, domin Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin jagorar da ta fitar a 2020, ta shawarci kowane baligi da ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kamar gudu, sannan a 2024 ta bayyana cewa kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba sa kaiwa ga wannan ma'auni. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, waɗanda likita ya fi matsa wa su riƙa fita tattaki, wato masu nauyin jiki da masu ciwon sukari da masu hawan jini, su ne sau da yawa kurjewar take fara kamawa a makon farko, tun kafin jiki ya soma jin amfanin fitar.

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa lalurar alamar ƙazanta ce, ko kuwa ta masu ƙiba ce kaɗai, domin tana samun mai wanka sau uku a rana, tana kuma samun ɗan ƙwallon da babu kitse a jikinsa. Asalinta yana cikin yanayin halittar fata. Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce, kuma hawan da ke can waje, wanda ido yake gani hannu yake taɓawa, matattun ƙwayoyin halitta ne da suka jeru a kan juna, wani irin maiƙo da jiki yake samarwa yana riƙe da su, kuma kaurinsa a yawancin sassan jiki bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. Wannan siririn hawa shi ne yake hana ruwan jiki fita, yake kuma hana ƙwayoyin cuta shiga, kuma jiki yana sabunta shi a hankali cikin 'yan makonni. A tafin ƙafa da tafin hannu kaurinsa ya ninka haka sau da yawa, shi ya sa gogayya a can takan haifar da bororo ko kanta. A cikin cinya kuwa fatar tana da taushi, don haka gogayya ba ta tsayawa tara ruwa a ƙarƙashinta, kankare ta take yi kai tsaye har sai danyen hawan da ke ƙasa, mai ɗauke da bakunan jijiyoyin jin zafi, ya bayyana a fili.

Guga ɗaya ba ta yin wannan ɓarna, maimaitawa ce take yi. Mai tafiya da sauri yana yin taku kimanin 100 ko fiye a minti ɗaya, wanda yake nufin taku 6,000 a sa'a guda, mai gudu kuma yakan yi 160 zuwa 180 a minti, kusan 10,000 ke nan a sa'a, kuma a kowane taku cinya ɗaya tana wuce 'yar'uwarta. Igiyar guga ta fi itacen bakin rijiya laushi nesa ba kusa ba, amma hawa da saukar da take yi a wuri guda kullum yakan bar gurbi mai zurfi a jikin itacen, kuma haka ɗinkin wando mai ɗan tudu ko gashin da ya fara tsirowa yake yi wa fata idan ya bi ta layi ɗaya sau dubbai. Wannan ne ya sa mutum yakan yi shekaru yana zirga-zirgar gida da kasuwa ba tare da ya san matsalar ba, amma ranar da ya fara zagaya fili na tsawon minti 40 ba tsayawa ya dawo da cinya tana zogi.

Danshi shi ne abu na biyu, kuma yadda yake aiki ya saɓa wa abin da mutane da yawa suke tsammani. Masu nazarin fata sun daɗe da tabbatar da cewa busasshiyar fata tana zamewa a kan 'yar'uwarta cikin sauƙi, wadda ta jiƙe sharkaf ita ma tana da ɗan santsi, amma fatar da take da ɗan danshi kawai ita ce ta fi kamewa da jan abin da ya taɓa ta. Bugu da ƙari, idan hawan waje na fata ya daɗe a cikin laima yakan sha ruwa ya kumbura ya yi laushi, kamar yadda kowa yake gani a yatsun wanda ya daɗe yana wanki, kuma a wannan hali ƙaramar guga ta isa ta ɗaye shi. Jikin mutum yana da ƙofofin gumi tsakanin miliyan 2 da miliyan 4, kuma mai motsa jiki a cikin zafi yana iya fitar da lita 1 zuwa 2 a sa'a ɗaya. Gumin hannu da na fuska iska tana kwashe shi, amma na matsematsi ba shi da mafita, domin wurin a rufe yake da tufafi, a matse kuma tsakanin gaɓoɓi biyu. Sa'an nan gumi ba ruwa ne zalla ba: kowace lita tana ɗauke da gishiri tsakanin gram 1 da gram 4, gwargwadon jikin mutum da sabonsa da zafi, kuma idan ruwan ya tafi gishirin yakan zauna a kan fata da cikin zaren tufa a matsayin ƙananan tsakuwoyi masu kaifi, waɗanda su ne farin zanen da ake gani a jikin baƙar riga bayan ta bushe. Su suke ƙara wa gogayya ƙarfi, su ne kuma suke sa wurin ya yi raɗaɗi mai tsanani da zarar fata ta buɗe.

Sigar jiki tana da nata kaso. Ƙiba tana sa cinyoyi su haɗu, haka ma ƙarfin tsoka, shi ya sa 'yan kokawa da 'yan dambe da masu tseren keke suka san lalurar sarai. Mata sun fi tara kitse a cinya da ƙugu bisa halitta, mai juna biyu kuma tafiyarta da nauyinta suna sauyawa, kuma wanda ƙafafunsa suke da gwame, wato gwiwoyinsa suna karkata ciki suna kusantar juna, cinyoyinsa sun fi saurin haɗuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake aibi, kuma shawarar da akan bai wa mai ƙiba cewa ya rage jiki tukuna ba ta da wani amfani a wannan gaɓa, tunda tafiyar da kurjewar take hana shi ita ce hanyar rage jikin. Yanayin ƙasa ma yana shiga ciki. A ƙasar Hausa bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, tana kawo gumi mai yawa da gishiri mai yawa. Damina tana kawo laimar da take hana gumi bushewa, wadda mazauna Legas da Accra da Duwala suke zaune da ita kusan duk shekara. Hunturu kuma, duk da ƙarancin gumi, yana busar da fata har ta yi kaushi ta tsattsage, ga ƙurar da take shiga cikin tufafi.

Idan aka fahimci cewa matsalar ta ginu a kan gogayya da danshi da maimaitawa, sai a ga cewa kariyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce tufa, ba mai ko hoda ba. Manufar ita ce a sa wani abu tsakanin cinyoyin biyu wanda zai manne wa fata ya motsa tare da ita, ta yadda yadi zai riƙa gogar yadi maimakon fata ta gogi fata. Abin da yake yin wannan aiki shi ne wando mai kama jiki, wanda tsawonsa ya kai tsakiyar cinya ko ya kusa gwiwa, irin wanda 'yan ƙwallo suke sawa a ƙarƙashin gajeren wandonsu. Tsawon yana da muhimmanci ƙwarai, domin ɗan kamfai da ya tsaya a gindin cinya ba ya rufe inda ake gogayyar, bakin robarsa ma yakan zama wata sabuwar hanyar yanka, gajeren wando mai faɗi kuma yakan naɗe ya taru a matsematsi bayan 'yan mintuna, ya bar cinya a buɗe, ya ƙara da tudun yadi mai jiƙe da gumi. Wanda ya matse fiye da kima shi ma yana da illa, saboda bakinsa yana nutsewa cikin fata. Ma'auni mai sauƙi shi ne a tsuguna a miƙe sau biyu ko uku, a ɗaga gwiwa sama, a ga ko ƙafar wandon ta zauna inda take ba tare da ta hau sama ko ta bar shaida a fata ba.

Nau'in zaren da aka saƙa yadin da shi yana buƙatar bayani, domin a nan ne abin da mutane suka saba da shi yake karo da abin da ya dace. A ƙasa mai zafi kowa ya san auduga ita ce tufar hutu, kuma gaskiya ne ga mai zama a inuwa ko mai tafiyar da ba ta kawo gumi sosai. Amma zaren auduga yana shan ruwa ya riƙe shi a cikinsa. Ko lokacin da aka taɓa shi aka ji a bushe yake yana iya ɗauke da danshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, idan ya jiƙe kuwa yakan yi nauyi, ya saki, ya manne wa fata, ya kuma daɗe bai bushe ba. Zaren foliyesta, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, ba ya shan ko kashi 1 cikin 100, saboda haka gumi ba ya shiga cikin zaren, bin tsakanin zaruruwa yake yi ya fita waje inda iska za ta ɗauke shi, kuma nailan ma yana da wannan hali duk da ya ɗan fi shan ruwa. Abin da yake sa irin wannan yadi ya miƙe ya koma ba tare da ya saki ba shi ne wani zare mai talewa da Joseph Shivers, masanin sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, ya ƙirƙiro a 1958, wanda aka fi sani da sunan kasuwancinsa Lycra, kuma kaɗan daga cikinsa ake cakuɗawa da sauran zaren. Duk da haka ba kowane yadi mai roba ne ya dace ba, domin akwai mai kaurin saƙa da ba ya barin iska ta ratsa, wanda yake dafa fata ya haifar da ƙurajen zafi. Wanda ake nema shi ne marar nauyi mai santsi, wanda idan aka ɗaga shi ga haske ko aka hura masa iska za a ga yana numfashi.

Ɗinki shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Yawancin wanduna suna da layin ɗinki da ya bi ta cikin cinya daidai inda gogayyar take, kuma idan layin yana da tudu shi kaɗai ya isa ya yi rauni ko da yadin yana da kyau. Kayan wasanni masu inganci ana yi musu shimfiɗaɗɗen ɗinki marar tudu, ko a kawar da layin daga cikin cinya, kuma mai saye zai iya tantancewa ta hanyar juya wandon ya bi ɗinkin da yatsa. Wanda bai sami irin wannan ba yana iya juya na cikin ya sa shi a bai-bai, ɗinkin ya koma waje, tunda a ƙarƙashin wani wandon yake ba mai ganinsa. Kayan nan ba sai masu tsada ba. Ana samun su a wajen masu sayar da gwanjo, kamar na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, sai dai wajibi ne a wanke su da kyau a shanya a rana kafin a sa, a kuma duba ko robar ba ta mutu ba, domin wanda ya saki ba ya kare komai. Ga mata, wannan hanya ba ta cin karo da sutura ko kaɗan, saboda dogon wando mai kama jiki yana shiga ƙarƙashin zane ko siket ko doguwar riga da hijabi, kuma mace mai tattaki da zane ba tare da shi ba ita ce ta fi kowa fuskantar gogayyar fata da fata. Sabon kaya kuma ba a fara gwada shi ranar doguwar tafiya, ana fara sa shi ne a gajeriyar fita domin a gane inda yake ci.

Kariya ta biyu ita ce mai. Aikinsa shi ne ya sa santsi tsakanin fata da abin da yake gogar ta, ya kuma zama shamaki tsakaninta da gumi. Mafi sauƙin samu shi ne basilin, wanda Robert Chesebrough ya tace daga wani danƙo da ya gani yana taruwa a jikin injinan haƙar mai a jihar Pennsylvania ta Amurka, ya yi masa rajista a 1872. Ba ya narkewa a ruwa, ba kasafai yake tayar da fata ba, kuma har yau a manyan gasannin gudun famfalaki na kilomita 42, kamar na Landan, masu ba da agajin gaggawa suna tsayawa a gefen hanya suna miƙa wa 'yan tsere shi. Man kaɗanya, wanda matan karkara suke sarrafawa a faɗin yankin daga Najeriya da Ghana zuwa Mali, yana yin aikin, sai dai da yake yana narkewa da ɗumin jiki fata kuma tana shan wani ɓangarensa, bai kai basilin daɗewa ba. Ya fi dacewa da fitar da ba ta wuce sa'a guda ba, da kuma shafawa da dare a lokacin hunturu domin fata ta yi laushi. Akwai kuma farin man da ake shafa wa jarirai saboda kurjewar ƙunzugu, mai ɗauke da sinadarin zinki, wanda yake da kauri yana kuma zama a wuri ko da an yi gumi, akwai na musamman da kamfanoni suke yi da kakin zuma ko silikon a siffar sanda, waɗanda ba sa ɓata tufa amma sun fi tsada. Ko wanne aka zaɓa, ana shafa shi ne a kan fata mai tsabta busasshiya kafin a fita, a wadace duk inda cinyoyi suke haɗuwa da inda bakin wando yake zama. Tasirinsa yana raguwa bayan sa'a ɗaya ko biyu, saboda gumi da yadi suna kwashe shi, don haka mai doguwar tafiya yana buƙatar ɗan ƙulli a aljihu domin ya ƙara. A hanya mai yashi ko ƙura kuwa, man da aka shafa a cinyar da ba a rufe ba yana kama ƙasa, wadda za ta fi gishiri ɓarna, kuma wannan wani dalili ne na haɗa mai da wando maimakon dogaro da mai kaɗai.

Hoda ba ta kai mai amfani ba ga mai motsa jiki. Tana shanye ɗan danshi a farkon fita, amma idan gumi ya yi yawa takan cure ta zama dunƙule-dunƙule masu ƙara gogayya, kuma haɗa ta da mai a wuri guda yana haifar da kwaɓi marar amfani. Akwai kuma abin lura game da hodar da aka yi da dutsen talk, domin a watan Yulin 2024 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sa shi cikin rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haifar da cutar, daga cikin dalilanta har da nazarin da aka yi a kan matan da suke barbaɗa shi a al'aura. Wanda yake son hoda gara ya nemi ta sitacin masara. Magungunan rage gumi da ake shafawa a hammata, masu ɗauke da gishirin alminiyam da yake toshe ƙofofin gumi na wani lokaci, su ma ana amfani da su. Wani gwaji da aka wallafa a 1998, wanda aka yi da ɗaliban makarantar soja ta West Point a Amurka, ya nuna cewa shafa mai ƙarfi daga cikinsu a ƙafa na kwanaki kafin doguwar tafiya ya rage fitowar bororo da fiye da rabi, amma fiye da rabin waɗanda suka shafa sun koka da ƙaiƙayi da zafin fata. Tunda fatar cinya ta fi ta ƙafa taushi, bai kamata a kai irinsa wurin ba sai an gwada a ɗan ƙaramin wuri, kuma sam ba a sa shi a fatar da ta riga ta buɗe.

Wasu ƙananan ɗabi'u suna da tasirin da ya fi girmansu. Mai yin tsarki da ruwa, idan ya mayar da wando ba tare da ya tsane wurin ba, ya fita ke nan da danshin da gogayya take buƙata tun kafin gumi ya zo. Askin gaba da na cinya yana barin fata da ƙananan raunuka da ido ba ya gani, gashin da yake tsirowa bayan kwana biyu ko uku kuma yana da tsini, saboda haka bai dace a yi shi a jajibirin doguwar tafiya ba. Fita bayan sallar Asuba ko dab da faɗuwar rana tana rage gumi, ƙara nisa a hankali kuma yana ba jiki damar sabawa, domin cikin mako ɗaya zuwa biyu na motsa jiki a zafi jiki yakan koyi rage gishirin da yake zubarwa a gumi. Bayan an dawo, zama da jiƙaƙƙun kaya ana hira ko karin kumallo yana ci gaba da jiƙa fatar da ta riga ta gaji, kuma maimaita wandon jiya ba tare da wanki ba yana nufin a fara tafiyar yau da gishirin jiya.

Akwai wani hali da kariyar tufa ba ta samuwa, wato halin namijin da ya ɗaura harami. Alhaji ba ya sa ɗinkakken kaya, ga tafiya mai yawa, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da kai-kawo tsakanin tantunan Mina da wurin jifa, ga kuma zafin da a aikin Hajjin 2024 ya haura digiri 50 a Makka. Kurjewar cinya tana cikin koke-koken da aka fi sani a tsakanin alhazai maza, kuma abin da ya rage musu shi ne mai marar ƙamshi, da zaɓen harami mai laushi, da wanke gumi da sauya harami idan ya jiƙe. An haɗu a kan hanin turare, amma hukuncin shafa mai marar ƙamshi a jiki mazhabobi sun yi masa bayani daban-daban, don haka ya dace maniyyaci ya tambayi malaman bita tun yana gida. Masu yi wa ƙasa hidima da suke shafe mako uku a sansani suna fareti da doguwar tafiya, da kuratan soja da na 'yan sanda, su kuwa suna da damar sa wando mai kama jiki a ƙarƙashin kakinsu, kuma yana cikin abubuwan da ya kamata su fara sawa a jaka.

Idan kurjewar ta riga ta faru, alamarta ta farko ita ce ɗumi da ɗan zafi a wurin tun ana cikin tafiya, kuma wanda ya tsaya a lokacin ya goge gumi ya shafa mai yakan tsira da ƙaramin rauni. A farar fata wurin yana yin ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai a ga wurin ya yi sheƙi ko duhu ko toka-toka, saboda haka raɗaɗin ya fi launi zama abin dogaro. Maganinta shi ne a wanke da ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, da sabulu marar ƙarfi in da buƙata, a tsane da tawul ta hanyar dannawa ba gogawa ba, a shafa basilin ko man zinki, a sa kaya masu sakewa, wanda a nan auduga ce ta fi. Soso, da ruwan zafi, da man zafi mai mantileta, da turare, da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ba a sirka ba, da toka ko lemon tsami, duk suna ƙona danyar fatar su jinkirta warkewa. Ƙaramar kurjewa takan lafa cikin kwana 2 zuwa 7 idan an bar ta ta huta.

Wadda ta ƙi warkewa, ko take dawowa ko da ba a yi tafiya ba, mai yiwuwa ba kurjewa ba ce kaɗai, domin ɗumi da laimar matsematsi wuri ne da ƙwayoyin cuta dangin fumfuna suke bunƙasa. Makeron matsematsi, wanda ya fi kama maza, ƙaiƙayi ne ya fi yawa a cikinsa ba raɗaɗi ba, yana da baki mai ɗan tudu da ɓawo wanda yake faɗaɗa a hankali yayin da tsakiyarsa take washewa, kuma sau da yawa daga tsakanin yatsun ƙafa yake tasowa, ta hanyar tawul ko wandon da ya bi ta kan ƙafa. Wani nau'in, mai suna kandida, yana sa wurin ya jiƙe ya yi ɗanye da ƙananan ƙuraje a gefensa, kuma ya fi samun masu ciwon sukari, har ma yawan dawowarsa yakan zama dalilin da likita zai sa a auna sukarin jini. Waɗannan ba sa jin basilin, suna buƙatar man kashe fumfuna irin su kulotirimazol ko tabinafin na tsawon lokacin da ma'aikacin lafiya ya ƙayyade, ko da ƙaiƙayin ya tsaya tun kafin lokacin ya cika.

A nan ne haɗari mafi girma yake, wato mayukan da suke ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, waɗanda ake saye a kemis da kasuwa ba tare da takardar likita ba. Suna kashe ƙaiƙayi da zafi cikin kwana ɗaya ko biyu, mai shafawa ya ɗauka ya sami magani, alhali suna raunana garkuwar fata ne, fumfunar ta bazu ta sauya kama har likita ya sha wahalar gane ta. Fatar matsematsi tana shan magani fiye da ta yawancin sassan jiki, kuma daɗewa ana shafa irin wannan mai yana sa ta yi siriri, ta yi nankarwa da ba ta gogewa, ta kuma fi saurin kurjewa fiye da da. Irin wannan sinadari yana cikin mayukan bilicin da yawa, waɗanda wasu suke komawa gare su saboda duhun da cikin cinya yake yi. Duhun nan martanin fata ne ga rauni, domin ƙwayoyin da suke samar da launi suna ƙara aiki a duk inda aka sami kumburi, abin da ya fi bayyana a baƙar fata. Ba datti ba ne, dirzawa ƙara shi take yi, kuma yakan dushe da kansa cikin watanni idan gogayyar ta tsaya.

Ana buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba idan wurin ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko yana fitar da mugunya ko wari, ko kaluluwa ta fito, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko mako guda ya wuce babu sauƙi, kuma mai ciwon sukari bai kamata ya jira mako ya cika ba, saboda rauninsa yana jinkirin warkewa kuma ƙwayoyin cuta sun fi saurin shigarsa. Wanda raunin nasa ƙarami ne ba lallai ya daina motsa jiki gaba ɗaya ba, yana iya komawa ga atisayen da ba ya haɗa cinyoyi, kamar na hannu da kafaɗa da ciki, har wurin ya daina zafi idan ruwa ya taɓa shi. Sabuwar fatar da ta rufe raunin takan ɗauki wasu makonni kafin ta yi ƙwari kamar ta da, don haka fitar farko bayan warkewa ta kasance rabin nisan da aka saba, da wando mai kama jiki da mai a wurin, sa'an nan a riƙa ƙara minti 5 zuwa 10 duk bayan kwana biyu ko uku matuƙar wurin bai sake yin ɗumi ba.